Gicciye da gafara: me Kirista yake nufi idan ya ce "ya mutu domin zunubanmu"?

Duk Musulmin da ya taɓa doguwar hira da Kirista a kan addini, a ofis ne ko a makaranta ko a gindin bedi bayan la'asar, ya san inda maganar take cijewa. Ana tafiya daidai a kan Annabi Ibrahim da Annabi Musa, har da haihuwar Annabi Isa ba uba, sai an zo kan gicciye. A nan Musulmi zai ce, in dai Allah Mai gafara ne, me zai hana Shi Ya yafe kawai? Don me sai marar laifi ya sha azaba kafin mai laifi ya kuɓuta? Kirista ya amsa da cewa in ba a zubar da jini ba babu gafara. Musulmi ya ce ai babu rai da ke ɗaukar nauyin wani rai. Kowa ya ja ayarsa, a watse, babu wanda ya ji ɗan'uwansa.

Ni ba Kirista ba ne, kuma ba wa'azi na zo yi ba. So nake in shimfiɗa koyarwar yadda masu ita suke riƙe da ita, tunda a jihar nan tamu ta Katsina maƙwabtanmu ne. A ƙasar Malumfashi da Ƙafur da Bakori akwai ƙauyukan Kiristoci Hausawa gaba da baya, jikokin Maguzawa, waɗanda ba su da wani yare sai wannan da nake rubutu da shi. Mishan ɗin SIM, wadda cocin ECWA ta fito daga cikinta, ta taɓa riƙe asibitin kutare na Babbar Ruga daga shekarun 1930. 'Yan Angilikan sun kafa dayosis ɗin Katsina, wato yankin da bishop ke shugabanta, a 1990, Fafaroma Francis kuma ya yanko wa Katolika tasu daga ta Sakkwato a 2023, ya naɗa Gerald Mamman Musa bishop ɗinta na farko. Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932. Saboda haka kalmomin da ake wannan magana da su, fansa da hadaya da kafara, namu ne duka.

Saiwar abin tana wajen ma'anar zunubi. Mu a wurinmu Annabi Adamu ya saɓa, ya tuba, Allah Ya karɓi tubarsa kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 37, magana ta ƙare a kansa, kuma kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa. Kiristanci bai ɗauki zunubi a matsayin aikin da mutum ya yi jiya kaɗai ba. Ya ɗauke shi wani hali da ɗan Adam duka ya faɗa ciki, wanda ya raba shi da Mahaliccinsa. Bulus, wanda wasiƙunsa ke cikin Littafi Mai Tsarki, ya rubuta wa Romawa cewa kowa ya yi zunubi ya kasa kaiwa ga ɗaukakar Allah, cewa ta mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa ta biyo shi, kuma sakamakon zunubi mutuwa ne. Wanda ya ɗaure wannan ya zama aƙidar zunubin gado shi ne Agustin, bishop ɗin Hippo, garin Annaba na Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekara ta 430. Ya yi ta fafatawa da wani mai suna Pelagius da ke cewa mutum na iya zaɓen alheri da ƙarfin kansa, har taron malaman coci na Kartaj ya yi watsi da ra'ayin Pelagius a 418. Cocin Gabas, wato 'yan Otodoks, ba su bi Agustin har ƙarshe ba: sun yarda mun gaji mutuwa da karkata zuwa saɓo, amma ba su cika cewa mun gaji laifin Adamu kansa ba. Ko ta wace fuska aka bi dai, sakamakon ɗaya ne a wurinsu. Mutum ba ya iya fitar da kansa.

Sai batun jini. Wannan daga Attaura suka gaje shi, musamman Littafin Firistoci. Sura ta 16 ta kawo abin da ake yi a Ranar Kafara, kuma ya kamata a tsaya a kalle shi da kyau, don duk wanda bai san wannan rana ba ba zai gane yaren Sabon Alkawari, wato Linjila da wasiƙun manzanni, ba. Sau ɗaya a shekara, ran goma ga wata na bakwai, babban firist, wato babban limamin Bani Isra'ila, yakan yi wanka ya sa tufafin lilin. Ya fara yanka bijimi saboda laifin kansa da na gidansa. Sa'an nan a kawo bunsuru biyu a jefa musu ƙuri'a. Wanda ya faɗa rabon Ubangiji a yanka shi, firist ya ɗauki jinin ya shige bayan labule zuwa Wuri Mafi Tsarki, inda ba mai shiga sai shi, shi ma sai wannan rana, ya yayyafa a kan murfin akwatin alkawari. Ɗaya bunsurun ba a sa masa wuƙa. Firist zai ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta laifuffukan jama'a duka, a ba wani mutum ya kora shi daji ya sake shi can. Ɗaya ya wanke, ɗaya ya kwashe. Sura ta 17 kuma ta ba da dalili, cewa ran kowace halitta a cikin jininta yake.

Akwai wani ɗan abu a sura ta 5 da masu muhawara ba su cika kawowa ba. An ce wanda ba shi da halin tunkiya ya kawo kurciyoyi biyu, wanda ko kurciya ta gagare shi ya kawo garin alkama, a gafarta masa. Malaman Yahudawa suna kafa hujja da wannan cewa ba jini kaɗai ke kawo gafara ba, kuma tun da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 suke azumin Ranar Kafara da addu'a da tuba, ba yanka. Haka suka saɓa da Kiristoci a kan Ishaya sura ta 53, inda aka siffanta wani bawan Ubangiji da aka soke saboda laifin wasu, aka ja shi kamar rago zuwa mayanka bai buɗe baki ba. Kirista na ganin Yesu ne ƙarara. Babban mai tafsirin Yahudawa, Rashi, wanda ya rasu a 1105, ya ce al'ummar Isra'ila ce ake nufi.

Bisa Linjilolin nan huɗu, an gicciye Yesu a Urushalima lokacin Idin Ƙetarewa na Yahudawa, zamanin Bilatus, wanda ya yi gwamnan Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36. Gicciye kisan wulaƙanci ne da Romawa suka ware wa bayi da 'yan tawaye, kuma Attaura ta ce wanda aka rataye a kan itace la'ananne ne. Bulus da bakinsa ya yarda cewa wa'azin Almasihu gicciyayye abin tuntuɓe ne ga Yahudawa, wauta kuma ga sauran al'ummai. Wato mabiyan farko sun san abin da suke ɗauke da shi yana da wuyar haɗiya. Abin da ya sa suka tsaya a kai shi ne imaninsu cewa ya tashi daga matattu a rana ta uku, har Bulus ya ce in bai tashi ba, to bangaskiyarsu banza ce, suna nan cikin zunubansu. Daga nan suka koma suka karanta mutuwar da idon hadaya. A Markus 10:45 Yesu ya ce ya zo ne ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. A Linjilar Yahaya an kira shi Ɗan Ragon Allah mai ɗauke zunubin duniya. Wasiƙar Ibraniyawa ce ta fi kowa zurfafawa: ta ce jinin bijimai da awaki ba ya iya kawar da zunubi, shi ya sa ake maimaita shi kowace shekara, amma Almasihu shi ne firist shi ne hadayar, ya shiga sau ɗaya tak, an gama.

Wannan ne dalilin da ya sa Kirista ba ya yanka na ibada. Bijimin da ake kayarwa a ƙauye lokacin Kirsimeti naman biki ne kawai. Ina kuma ganin wannan gefen ya taɓa zuciyar Bamaguje fiye da yadda muke zato. Mutumin da ya tashi yana ba iskoki jan zakara ko baƙin bunsuru duk lokacin da ciwo ya shigo gida ko damina ta yi gardama, ba sai an yi masa dogon bayani kan alaƙar jini da sulhu ba. Sabon labarin a wurinsa shi ne an yi yanka na ƙarshe.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta yaya. Ta wace hanya mutuwar mutum ɗaya ke share laifin wasu? Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne Kiristoci ba su taɓa zama a babban taro sun tsayar da amsa ɗaya ba. Aƙidar Nikiya, wadda aka tsara a 325 aka cika ta a 381, kuma har gobe ake karanta ta a cocin Katolika da na Angilikan, cewa kawai ta yi saboda mu da cetonmu ya sauko, aka gicciye shi dominmu a zamanin Bilatus. Sauran bayani an bar wa malamai, su kuwa sun yi ta ja-in-ja.

Na farkon sun riƙe kalmar fansa. In an fanshi bawa, wa aka biya? Origen na Iskandariyya ya ce Shaiɗan, tunda shi ke riƙe da 'yan Adam. Gregory na Nyssa ya ƙara da cewa Shaiɗan ya hango jikin mutum ya kai cafka, bai san akwai ƙugiyar allahntaka a ciki ba, kamar kifi da ƙoto. Abokinsa Gregory na Nazianzus ya ce wannan abin kunya ne, ɗan fashi ba ya cancanci a biya shi. Abin da ya saura daga wannan zamani shi ne kallon gicciye a matsayin nasara kan mutuwa da Shaiɗan, ra'ayin da wani malami ɗan Suwidin, Gustaf Aulén, ya farfaɗo da shi wajen 1930.

Wanda ya sauya akalar zancen shi ne Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, cikin littafin da ya kammala a 1098 kan dalilin da ya sa Allah Ya zama mutum. Ya ce Shaiɗan ba ya bin kowa komai. Allah ne aka keta wa alfarma, kuma girman laifi gwargwadon girman wanda aka yi wa ne. Mutum ne ya kamata ya biya, amma ba shi da abin biya, don duk biyayyar da zai yi dama wajibinsa ce. Allah ne kaɗai ke da abin biya, amma ba Shi ake bi ba. To sai wanda yake Allah kuma mutum. Ba a jima ba Peter Abelard na Faransa, wanda ya rasu a 1142, ya ce shi bai ga yadda kashe marar laifi zai faranta wa Allah rai ba. A ganinsa gicciye nunin ƙauna ne mai narkar da zuciya har ta juyo ta tuba. Daga baya masu gyaran coci na ƙarni na 16, musamman John Calvin, suka mai da maganar Anselm zuwa zauren shari'a: akwai hukunci a kan mai zunubi, Almasihu ya tsaya a madadinsa ya sha hukuncin, alƙali ya sallami mai laifi. Wannan na Calvin shi ne aka fi ji a bakin fastocin ECWA da Baptis da makamantansu, kuma shi ne Musulmi ya fi sani, har yakan ɗauka shi kenan koyarwar.

Don a ga ƙarfin wannan tunani da rauninsa, a duba abin da muka sani a gida. Direba ya kaɗe magidanci a hanyar Katsina zuwa Jibiya, ba da niyya ba. An yi jana'iza, an yi sadakar uku, dangin direba sun zo da dattawa, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. A shari'a diyyar kisan kuskure raƙuma ɗari ce ko kimarsu, kuma ba a kan direban kaɗai take ba, danginsa na wajen uba ne ke haɗa ta. Ga wanda bai yi laifi ba yana biya wa wanda ya yi, kuma babu mai cewa zalunci ne, saboda jininsu ɗaya. Nan Anselm zai gyaɗa kai, don hujjarsa kenan cewa sai mai fansa ya zama ɗan'uwan waɗanda zai fansa. Sau da yawa kuma babban wan mamaci yakan share hawaye ya ce, "Mun yafe, kwanansa ne ya ƙare." Kowa ya yi hamdala a tashi. Amma asarar ba ta tashi tare da su ba. Tana nan a ɗakin matar da ke takaba, tana cikin kuɗin makarantar marayu. Wanda ya yafe shi ya haɗiye ta. Masu kare koyarwar gicciye a yau a nan suka fi tsayawa: babu yafiya ta kyauta, ko dai mai laifi ya biya ko wanda aka yi wa ya ɗauka, kuma gicciye shi ne Allah Yana ɗaukar asarar da kanSa.

Sai dai ayar da ta kawo diyya, Nisa'i 92, ta kawo wani abu tare da ita: 'yanta bawa, ko azumin wata biyu a jere. Wannan kuwa babu ɗan'uwan da zai yi wa direba. Dukiya ana biya wa mutum, amma abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa nasa ne. Abin sha'awa, wannan ita ce sukar da wani ɗan Italiya, Faustus Socinus, ya yi wa koyarwar Calvin a littafinsa da aka buga a 1594. Ya ce bashin kuɗi yana komawa kan wani, hukuncin laifi ba ya komawa. Ya ƙara da cewa in an biya bashi cif, to ba a yafe shi ba, in kuwa an yafe, ba a buƙatar biya. Masu irin ra'ayinsa suna nuna Ezekiyel 18:20, inda aka ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, da misalin ɗan nan almubazzari a Luka 15, wanda ubansa ya rungume shi ba tare da an yanka komai don laifinsa ba. Maraƙin da aka yanka na walima ne. A ganina wannan suka tana da nauyi, kuma fastocin da ke wa'azi kamar akwai Uba mai fushi da ya huce a kan Ɗa mai taushin zuciya su suke ƙara mata kaifi.

Amsar da malaman Kirista masu zurfi ke bayarwa ita ce babu mutum na uku a maganar. Suna jan 2 Korintiyawa 5:19, cewa Allah ne cikin Almasihu Yake sulhunta duniya da kanSa, da Yahaya 10:18, inda Yesu ya ce ba mai karɓe ransa, shi ke bayarwa don kansa. In Almasihu annabi ne kawai, kama shi a azabtar saboda laifin wasu zalunci ne, kuma su ma sun yarda da haka. Koyarwar tana tsayuwa ne kaɗai in an riga an karɓi cewa shi Allah ne cikin jiki. A nan hanya ta rabu da Musulunci rabuwa ta gaske. Alƙur'ani a Nisa'i 157 ya ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an dai kamanta musu. Ya maimaita a An'am da Isra'i da Faɗir da Zumar da Najm cewa mai ɗaukar nauyi ba ya ɗaukar nauyin wani. Ko a kan layya, Hajji aya ta 37 ta ce naman da jinin ba sa isa ga Allah, taƙawa ce ke isa. Saboda haka masu kwana suna gardama kan ko adalci ne ko ba adalci ba, reshe suke ja. Saɓanin yana can ƙasa, a kan wane ne Isa, da kuma ko ɗan Adam faɗaɗɗe ne mai buƙatar mai ceto ko mai mantuwa ne mai buƙatar shiriya.

Akwai zargin da ake yawan yi cewa tunda an riga an biya, Kirista na iya sheƙe ayarsa. Bulus ya hango wannan tun a Romawa sura ta 6, ya tambaya ko za a ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita, ya ce faufau. Wasiƙar Yakubu ta ce bangaskiya ba aiki matacciya ce. Haƙƙin mutane ma bai faɗi ba: a Matiyu 5 an ce wanda ya kawo baiko, wato abin da zai miƙa wa Allah, ya tuna ɗan'uwansa na da ƙara a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna, Zakka mai karɓar haraji kuma ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Yadda gafarar ke isa ga mutum shi ne abin da ya raba coci a 1517, lokacin da Martin Luther ya tayar da ƙura kan sayar da takardun sassaucin horo. Furotesta, wato waɗanda suka ɓalle daga Katolika, suka ce ta bangaskiya kaɗai. Katolika, a taron Trent da ya gudana daga 1545 zuwa 1563, suka tabbatar da cewa tana biyowa ta baftisma da furta zunubi gaban fada, wato limamin coci, da ayyukan tuba. Cewa akwai masu fakewa da koyarwar su yi abin da suka ga dama, wannan gaskiya ne, kuma daga cikin gida aka fi yi musu faɗa. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da 'yan Nazi suka rataye a 1945, ya kira abin alheri mai araha, wato gafara ba tuba. Na kan tuna da shi in na ji ana kiran "jinin Yesu" a kan mota da shago kamar laya, abin da fastoci da dama su ma ba sa jin daɗinsa.

Inda na fi jin tsoron koyarwar shi ne inda aka juya ta kan mai rauni. Tunda shan wuya ya zama hanyar ceto, yana da sauƙi a ce wa matar da miji ke jibga, ko lebura da aka danne wa haƙƙi, ɗauki gicciyenka ka yi shiru. Mu ma muna da irin tamu, inda ake rufe bakin wanda aka zalunta da kalmar haƙuri. Gaskiya ne Katolika suna koyar da cewa mai ciwo na iya haɗa wahalarsa da ta Almasihu ya miƙa wa Allah, suna dogaro da Kolosiyawa 1:24, amma wannan magana ce ta wahalar da ba makawa, ba izini ba ne ga azzalumi. Mata malaman tauhidin Kirista sun daɗe suna nuna cewa in hadayar sau ɗaya ce kamar yadda Ibraniyawa ta ce, to babu wanda ake bi bashin wata. Littafin nasu ma bai nuna shiru a kowane hali ba. Da wani dogari ya mari Yesu gaban babban firist, sai ya tambaye shi, in na faɗi mugun abu ka nuna shi, in kuwa daidai na faɗa, don me ka mare ni? Bulus kuma da aka ɗaure shi za a yi masa bulala a Urushalima, ya dubi jarumin sojan ya tambaye shi ko doka ta yarda a doki ɗan ƙasar Roma ba a yi masa shari'a ba, nan take masu bulalar suka ja da baya.